Ku da Kuka Ce 112 Ba Ta Aiki, Wa Ya Taɓa Kira a Cikinku?

Na san tun kafin ku gama karanta kanun nan wasunku sun riga sun taɓe baki. Ina jiyo ku daga nan. "Malam, a Najeriyar? A danna lamba uku, mota ta zo da jiniya? Ko dai fim ɗin Amurka ka kwana kallo?" To madalla. Ku yi dariyarku ku more, ina nan zaune, ba na sauri. Wanda ya taɓa jiran motar Sakkwato ta cika a tashar Zuba ba a koya masa haƙuri.

Wata safiya na jefa wannan zance a teburin mai shayi da ke bakin tasha. Benci biyu ne maƙil: direbobi, ɗan kamasho, wani mai saro kankana da ya kwana a hanya, sai wani abokin wasana, Bazazzagen Suleja, wanda ko nono na ce fari ne zai ce baƙi ne, don kawai ni Bakano ne. Na ce, "Jama'a, yanzu da tirela za ta kwashe wani a kan titin nan, Allah ya kiyaye, wa za ku kira?" Ɗan kamasho ya ce shugaban yuniyon. Mai kankana ya ce wansa da ke Dei-Dei. Wani direba ya ce shi kam salati zai yi. Na ce, "112 fa?" Sai da mai shayi ya ajiye kofin da yake fifita shayi, don kada dariya ta sa ya ƙona hannu.

Bazazzagen ya gyara zaman hula ya ce, "Kai Bakano, an gaya maka nan Landan ce? Lambar nan ko shekara ka yi kana kira babu mai ɗauka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sau nawa ka kira?"

"Ai ba sai na kira ba. Kowa ya sani."

"Wane ne kowan?"

Ya kurɓi shayi. Na bi benci ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Mutum tara, babu wanda ya taɓa dannawa. Biyu ma sun ɗauka lambar duba ragowar kati ce. Amma duka taran bakinsu ɗaya, ba ta aiki. Ni dai har yau ina neman makarantar da ake koyar da irin wannan ilimi, a kushe miya alhali tukunyar ma a rufe take.

To bari in gaya muku abin da "kowa" bai sani ba. 112 ita ce lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ta gina cibiyoyin da ake amsa ta. An buɗe ta Katsina a watan Satumban 2019. Ta Abuja kuwa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da ita a watan Maris na 2020, kwanaki kaɗan kafin a kulle mu a gida saboda korona. Wanda zai ɗauki kiranka ma'aikaci ne da aikinsa ya saurare ka, ya gane irin masifar da ta afku, ya miƙa ta ga masu ita: 'yan kwana-kwana in gobara ce, 'yan sanda ko Sibil Difens in ɓarayi ne, 'yan Rod Sefti in haɗari ne, motar asibiti in rashin lafiya ce. Na ce da ɗan kamasho, "Abokin sana'arka ne. Ba shi da mota, amma ya san wadda za ka hau." Nan take ya koma ɓangarena.

Kuma kyauta ce. Ku lura da wanda ke faɗin wannan magana. Bakano in ya ce maka abu kyauta ne, ka yarda, don sai da ya juya shi sau uku yana neman inda aka ɓoye kuɗin. Ko sisin kwabo babu a layinka, ko kamfanin waya yana bin ka bashin katin da ka ranta tun makon jiya, kiran zai fita. Wayar da aka kulle da lambar sirri ma tana barin a danna 112, wato ko wayar wanda ya faɗi ce a hannunka za ka iya kira da ita. 'Yan Rod Sefti, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988 zamanin Babangida, Wole Soyinka na shugabanta na farko, su ma suna da tasu lambar, 122, ita ma kyauta. Mu da titi uku suka haɗu a kanmu, na Kaduna da na Lokoja da wanda ya biyo ta Kubwa, ai wannan lamba ya kamata ta fi lambar budurwa zama a ka.

Tun da Bazazzage ya ambaci Landan, bari in biya shi da kuɗinsa. Su ma can da ƙorafi suka fara. A 1935 gobara ta tashi a wani gida a Landan, mata biyar suka mutu. Wani maƙwabci ya ɗauki tarho zai kira 'yan kwana-kwana, aka bar shi a layi yana jira. Da ransa ya ɓaci sai ya rubuta wa jarida wasiƙa, magana ta kai gaban hukuma, a 1937 aka fito da 999. Amurka ba ta sami 911 ba sai a 1968. Bambancin wancan mutum da abokina na Suleja ɗaya ne tak: shi ya kira tukuna, sannan ya yi ƙorafi.

Kada ku ce na ɗauki kaina gwani. Ranar da ni na kira, na sha kunyar da har yau in na tuna sai in ji kunnena ya yi zafi.

Gab da magariba ne, lokacin hunturu, ƙura ta lulluɓe gari har Dutsen Zuma ya koma kamar inuwa. Ɗan acaɓa ya ɗauko wata baiwar Allah da kwandon lemo daga kasuwar 'ya'yan itace, wata bas ta taɓa su ta baya. Matar ta tashi zaune tana riƙe da gwiwa. Shi kuwa yana kwance, jini na bin gefen fuskarsa yana shiga kunne, takalminsa ɗaya can tsakiyar kwalta, lemo yana ta gangarawa ƙarƙashin motoci. Kafin ka ce kwabo mutum ya kai arba'in. Na ga wayoyi a sama kamar ana bikin sauka, kowa yana neman inda hoto zai fi fita. Wani ya fasa ledar fiyawata yana kwarara masa a ka. Wani ya kama ƙafarsa yana ja, wai zai miƙe masa ita. Wata tana cewa a ba shi ruwa, wani yana cewa madara ta fi. Yara suna tsince lemo. "Innalillahi" kam an yi ta ta kai ɗari. Kira ne dai babu wanda ya yi, don kowa ya ɗauka na kusa da shi ya yi.

Sai ni, gwanin surutu, na danna. Muryar mace ta amsa, a natse. Muka kama da guntun Turancina, inda ya tsinke in ɗaura da Buroka. Ta ce ina ne? Na ce Zuba. Ta ce ina a Zuba? Na ce bakin titi. Jama'a, Zuba ai duk bakin titi ce. Ta sake tambaya, na waiga na ce kusa da mai rake. Mai raken kuwa tuni ya tura baronsa ya matsa gaba don ya samu wurin kallo. Na shiga "nan dai, wajen nan, inda ake tsayawar nan." Wani yaron mota da bai fi shekara goma sha biyar ba ya jawo hannun rigata ya ce, "Baba, ce mata hannun masu zuwa Gwagwalada, an ɗan wuce gada, daidai gidan mai." Na maimaita kamar ɗan makarantar allo. An kira salla muna tsaye, kafin liman ya sallame mota ta iso. Yaron nan ko sunansa ban tambaya ba, ya tsallake titi ya koma yana kiran fasinja.

Tun daga ranar na gane cewa rabin aikin kwatance ne. Fara da wurin kafin labari, don in sabis ya ɗauke ko caji ya mutu, aƙalla an san inda za a nufa. Kuma a yi kwatance da abin da ba ya tafiya: gada, gidan mai, masallaci, coci, Kwalejin Ilimi, kasuwar kayan gyaran mota. Mai rake yana tafiya, mai tsire yana tashi, tirelar da ka ce "muna bayanta" direbanta ya gama cin abinci. Masu cewa "muna kusa da Dutsen Zuma" kuwa, Allah ya shirye ku. Dutsen da ake hangowa tun daga nesa, har a bayan naira ɗari yana nan, rabin jama'ar yankin ai kusa da shi suke. A faɗi hannun titi, don titinmu tagwaye ne, mota in ta biyo hannun da ba shi ba sai ta yi tafiya kafin ta sami wurin juyawa. A faɗi ko ɓangaren Abuja ne ko an riga an shiga Madalla, don Madalla jihar Neja ce, kuma taku kaɗan ne tsakani. In cikin unguwa ne, inda gidajenmu ba su san lamba ba, a tura yaro da fitila ya tsaya bakin lungu.

Bayan wuri, sai me ya faru, mutum nawa, yaya suke: yana numfashi, yana magana, jini yana zuba, akwai wanda ya maƙale a mota, akwai wuta ko warin fetur. Shi ke nan. Tarihin cewa direban bas ɗin dama ɗan ƙwaya ne, kuma kun san ubansa, a ajiye wa majalisa. Kada ka riga su kashe waya, kuma in kun gama ka bar layin a buɗe, don za su iya nemanka. Abin da muka ƙware a kai shi ne da an ajiye sai a kira Kano, a kira Funtuwa, a kira ƙanwar kaka, masu ceto suna ta bugowa ana ce musu layin yana aiki. Idan kuma hannunka yana kan raunin wani, kada ka ce "wani ya kira mana." Wani ba ya kira. Nuna mutum da yatsa: "Kai mai jar hula, kira 112, ka dawo ka gaya mini abin da suka ce."

Wannan duk na titi ne, inda jini ke yi wa mutane magana. Na cikin gida ya fi ba ni tsoro, don a can muna da wani babban likita da ake kira A-bari-gari-ya-waye.

Bahaushe, Allah ya ba shi lafiya, cutarsa huɗu ce a duniya: basir, sanyi, shawara da ulsa. Duk abin da ya same shi sai an cusa shi cikin ɗayansu. Maigida ya dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa buhun siminti, ciwon yana sauka hannun hagu yana hawa muƙamuƙi, gumi yana keto masa alhali sanyi ake. Sai a ce ulsa ce, a aiki yaro kemis ya sayo farin maganin nan na ruwa. Alhaji, wannan zuciya ce take ihu, kuma ba ta san gari ya waye ba. Ko Baba yana cin tuwo bayan isha'i, loma ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace gefe guda, magana ta koma kamar ya cika baki da goro. Nan da nan gida ya rabu biyu, masu cewa iska ce da masu cewa jifa ne, a kunna garwashi a zuba hayaƙi. Shanyewar ɓarin jiki ce, kuma mafi yawan lokaci hawan jinin da ya shekara yana cewa ba shi da shi ne ya kawo ta. Likitoci da awa suke lissafinta: maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, a inda ake da shi, cikin kamar awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi. Shi ya sa ake so a riƙe lokacin da abin ya fara. Ku kuwa daga isha'i zuwa hantsi kun cinye awa goma sha biyu kuna gardamar wanda ya yi jifan.

Na ji wani ya ce, "To Malam, addu'ar fa?" Wa ya hana ka? Mota ba ta karya tofi. Ka yi a hanya, ka yi a bakin asibiti, ka ƙara da sadaka. Allah da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma ba ni na fara faɗa ba.

Iyayenmu mata, ku ma ku matso, ban manta da ku ba. Mai ciki ta ce kanta kamar zai tsage, idonta yana ganin dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, sai ku ce ai ɗan fari haka yake zuwa. Ta fara jijjiga, ku ce mutanen ɓoye ne. Ta haihu, jini ya jiƙe zani ɗaya, ya jiƙe na biyu, ya ƙi tsayawa, Inna tana cewa dattin ciki ne yake fita, a dama mata kunun kanwa. Inna, da girmanki, wannan jini ba ya jiran kunu ya huce. Sannan ga babbar magana: maigida yana kan hanyar Lokoja da lodi, wayarsa ba ta shiga, kuma babu mai fita da matarsa sai da izininsa. Direbobin Zuba, wannan taku ce. Kafin ka tayar da mota ka faɗa a gaban mahaifiyarka da matarka da maƙwabcinka: in wani abu ya taso, a kira, a fita da ita, na yarda tun yanzu. Bai kai minti ɗaya ba, bai kai tsawon cinikin da kake yi da mai gyaran taya ba.

Na yara kuwa kun san halinku. Yaro yana jijjiga a ɗura masa cokali a baki har a karya haƙori, alhali kwantar da shi kawai ake so a yi a gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, in ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ya ƙi farfaɗowa, a nemi agaji. Ya sha kananzir a bi shi da manja don ya yi amai, aman ne kuma ke tura kananzir ɗin cikin huhu. Ya ƙone a shafa masa ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, ko baƙin mai, kamar za a yi masa sabis, alhali ruwa mai sanyi ake so a yi ta kwarara wa wurin kamar minti ashirin. Maciji ya sari mutum a tsaga, a tsotsa, a ɗaure da roba har ƙafa ta yi baƙi. Gida guda ya tashi da ciwon kai da jiri, janareto yana ta ruri a soro ko bakin taga, a ce maleriya ce ta zagayo. A fitar da kowa waje tukuna, sannan a kira. Duk wanda numfashi ya gagare shi, ko ya suma ya ƙi tashi, ko jini ya ƙi tsayawa, babu shawarar da za a tsaya yi.

Amma ciwon haƙori, da ɗauke wuta, da akuyar da ba ta dawo ba, da kishiyar da ta yi habaici, waɗannan a nemi wata hanya. Samarin da ke kira tsakar dare don su ji muryar mace su ce "ya sunanki," ku kuma Allah ya ba ku aikin yi. Duk mintin da kuka riƙe layi, wata tana can gidanta yana ci da wuta tana jira.

Yanzu ga ƙorafinku mai nauyi, wanda ba zan yi masa dariya ba. Wani dattijon direba a teburin nan ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya ce, "Malam, ka taimaki mutum a titi, ka kwana a bayan kanta. Ka kai shi asibiti a ce sai takardar 'yan sanda, ko sai ka ajiye kuɗi. Mun gani." Gaskiya ne, Baba, an gani, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai doka ta motsa ko da wasu ma'aikata ba su motsa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, hukuncin kuwa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓe su ko babu takardar 'yan sanda, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda bayan an fara magani, kuma ta ce a mutunta wanda ya kawo mai raunin, kada a tsare shi da tambayoyin tozarci. Ban ce kowane mai gadi da kowane ma'aikacin kanta ya haddace su ba. Amma wanda ya san dokar, ya faɗe ta a natse, ya nemi ganin babba, ba ɗaya yake da wanda ya juya da mai jini a mota ba. Kuma ku masu tsoron bayan kanta, ai kira shi ne hanyar da ta fi muku sauƙi. Ba ka ɗauki kowa ba, ba ka saka kowa a motarka ba, ka dai faɗi wuri, hukuma ta zo ta ɗauki abinta.

Akwai wurin da zolaya ba ta shiga. Ranar Asabar 18 ga Janairun 2025, tankar fetur ta faɗi a mararrabar Dikko, ƙaramar hukumar Gurara, nan gaba da Suleja a kan hanyar Kaduna. Mutane suka fito da jarkoki da bokitai. Wuta ta tashi, sama da mutum 80 suka rasu, da yawa ba a iya gane su ba. Wata uku kacal kafin nan, a Oktoban 2024, irin haka ta faru a Majiya ta jihar Jigawa, aka rasa sama da mutum 150. Na san talauci ne ke tura mutum bakin tanka, kuma ba zan zauna a kan shayi in zagi mamaci ba. Allah ya jiƙansu. Amma tankokin nan ta gabanmu suke wucewa dare da rana, wasu a gefen titinmu suke kwana. Ranar da ɗaya ta kwanta, tururin fetur yana bin ƙasa ya yi nisa fiye da inda ido ke ganin jiƙa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi, na janareto ne, ko na salansar babur, ko na bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta. A ja yara, a yi nesa sosai, a hana babura matsowa, daga can a kira. Masu ɗaukar hoto ma wutar ba ta bar su ba a Dikko.

To, za su zo kuwa kullum? A'a. Ga shi na faɗa, Bazazzage sai ka rubuta ka ajiye. Motocin ba su kai yawanmu ba, sabis yana yankewa, kuma gosulon Zuba ranar da ya ga dama ko jirgi sai ya yi haƙuri. Shi ya sa kira da motsi tare suke tafiya. Ka tambaye su kai tsaye: kuna tafe, ko mu taho? In babu alamar zuwa kuma ga mota, a nufi asibitin Zuba, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada in abin babba ne. Sai dai wanda ake zargin ya bugu a wuya ko gadon baya, kada a naɗe shi a Keke Napep kamar buhun albasa. In dole ta sa a ɗaga shi, a nemi ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum guda ya riƙe kan kada ya juya. Kada a ba shi ruwa, kada a ba shi madara, wataƙila tiyata ke jiransa. Jini kuwa danne shi ake yi da ƙyalle mai tsabta, hirami ne ko gyale, a danne da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. Wanda numfashinsa ya tsaya, ƙwaƙwalwarsa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida, kuma babu ƙasar da motar asibitinta ke yin wannan sauri kullum. Hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, har masu agaji su iso. Hannun da ya iya kiciniya da buhun masara ba zai gaza wannan ba.

Ku kuma direbobi, da ku da 'yan acaɓa, in kun ji jiniyar motar asibiti ku ba ta hanya. Na ce ku ba ta hanya, ban ce ku manne mata a baya ku mai da ita jagorar tsallake gosulo ba. Kun san kanku, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Da na tashi zan biya kuɗin shayi, na hangi abokina na Suleja ya karkata waya gefe yana dannawa a ɓoye. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ake ajiyewa?" Ya ce shi fa ba don ya yarda ba ne, yana so ne ranar da ta ƙi shiga ya zo har gida ya yi mini dariya. Na ce na yarda, kuɗin motar ma ni zan biya, da dai ka rasa abin dannawa gara ka sami abin yi mini gori.

Na kuma san abin da ku masu karatu kuke shirin yi yanzu. Kun ɗauko waya za ku danna don ku ƙaryata ni. Ku ajiye, lambar ba ta gwaji ba ce. Ku dai adana 112 da 122, ku ƙara da lambar ofishin 'yan sandan unguwarku da ta maƙwabci mai mota, ku koya wa matan gida da yaran da suka yi wayo. Sannan yau da daddare kowa ya tsaya a ƙofar gidansa, ya gwada kwatanta ta da baki ga baƙon da bai taɓa zuwa Zuba ba, ba tare da ya ambaci mai rake ba.